Malam Sabo ba bawan kowa ba ne

Da safen nan labarin ya same ni, jikana sabon haihuwa yana barci a cinyata. Malam Sabo ya rasu. Surukina ya ce zuciya ce.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Haihuwar 'yata ce ta kawo ni Kuala Lumpur, ina ta murna, amma ban san kowa a unguwarsu ta Pantai Dalam ba. Malam Sabo maƙwabcinsu ne. Shi ya koya mini hawa jirgin ƙasa na cikin gari, LRT, shi ya koya mini cewa tapau idan ina so a ƙunshe mini abinci. Da ya ji a makarantar yamma na koyi karatu bayan na yi furfura, sai ya riƙa tsayawa da ni a tasha har in karanta allon da kaina.

Ko wanka ba a yi masa ba, wani ya rubuta a group ɗin mutanenmu na waya wai "bawan Dakta ya huta." Wasu har da alamar dariya.

Raina ya ɓaci ƙwarai.

Gaskiya ne, matarsa Dakta Hadiza, wadda ke koyarwa a jami'a, ita ke yanke shawara a gidansu. Shi ke girki, shi ke kai yara makaranta, ba ya amsa gayyata sai ya ji ta bakinta. Bai taɓa ɓoyewa ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a shagon shayi da abinci da ake kira mamak ce bayan sallar Juma'a. Wasu ɗalibai 'yan ƙasarmu suka ce ya raka su unguwar Sentul, ya ce bari ya tambayi Hadiza. Ɗaya ya ce, "Mijin ta-ce, a gaishe da oga." Ya yi murmushi, ya buga mata waya a gabansu.

Da suka tashi na tambaye shi ko abin ba ya yi masa ciwo. Ya ce shi ya nemi wannan tsari tun suna Zariya, domin ya san kansa, yana da gaggawa da saurin fushi, ita kuwa tana da natsuwa. Lokaci zuwa lokaci takan zaunar da shi ta tambaya ko har yanzu ya yarda. Ranar da ya ce a'a kan canza wa yara makaranta, a nan maganar ta tsaya.

Sannan ya ce, "Baba, ba ƙwacewa ta yi ba, ni na ba ta. Wanda ya raina kansa tsoro ke rusunar da shi. Ni na san ko ni wane ne."

Na ga maza masu tsawa a gida waɗanda ba su da rabin natsuwar mutumin nan.

Yanzu Hadiza tana zaune cikin takaba, ana raɗe-raɗin wai ita ta gajiyar da shi. Babbar 'yarsu tana karanta Hausa, kuma wayar uban tana hannunta. Kai da ka rubuta, ka goge kafin yarinyar ta gani. Ku da kuka yi dariya, ku zo masallaci ku sa kafaɗa a makararsa, ku yi wa matarsa gaisuwa da ladabi.

Allah Ya jiƙan Malam Sabo, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Hadiza da yaran haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a, ya kira shi da sunansa.