Gyaran da Ramatu ta ƙi yi

Jama'a, yau guɗa na rangaɗa a Titin Koudoukou, har 'yan babur suna waiwaye!

Ɗiyata Ramatu, mai karatun akanta, ta faɗo rumfata da rana tsaka. Wai mai kantin da take koyon aiki ne ya ce ta yi wa lissafi "ɗan gyara" kafin masu haraji su zo. Ta ƙi, ya sallame ta.

Na ce, "Me kika ce masa?"

Ta ce, "Inna, ce masa na yi gyara ɗaya na sani, wanda kike ƙara wa mai sayen gari bayan kin cika mudu."

Ashe duk shekarun nan hannuna take kallo! Ku fa, me yaranku ke gani a naku?