Alkasum da Kamiyon Jar Dawa

Alkasum mutumin Garagumsa ne, amma tun yana saurayi ya bar gona ya zo Damagaram koyon gyaran mota. Duk garejin da ya shiga ba ya daɗewa. Ya yi aiki a bakin tasha, ya yi a Zango, ya taɓa bin wani direba har Agadas. Matarsa Balki takan ce ko tuwo a tsaye yake ci.

Shekarar da damina ta ƙi, rumbuna suka zama wayam, sai labarin gida ya yanke masa. Ga uwarsa can da ƙanwarsa Ramlatu. Da ya ji wani direban kamiyo, babbar motar kaya, mai suna Kyari, zai kai jar dawar taimako Takieta, ya ajiye aikin da ke hannunsa ya haye.

Ba su yi nisa ba allurar zafi ta hau ja. Kyari ya tsaya, ya jira inji ya huce, ya ƙara ruwa a radiyato. Suna tashi ta sake hawa. Haka suka yi ta tafiya suna tsayawa, ruwan shansu na ƙarewa, mutane a gefen hanya da ƙunshin kaya suna bin buhunan da kallo. Alkasum ya kasa zama, sai kewaya motar yake.

Ya dafa tiyon ruwa ya ce, “Malam Kyari, injin nan bai yi zafin da allura ke faɗi ba.”

“In ya ƙone fa? Kai za ka ɗauki dawar a ka?”

A Tirmini Alkasum ya kwance sondi, ɗan ƙarfen nan da ke ɗaure a kan inji yana kai wa allura labarin zafin ruwa. Ya ari tukunya wurin mai shayi, ya haɗa wayoyi, ya tsoma bakin sondin a ruwan ɗumi wanda yatsa ke iya jurewa. Nan take allura ta tafi ja. Kyari ya gani da idonsa, amma ya ce shi ba ya tuƙa makauniyar mota.

Alkasum ya shiga gari yana tambaya, har aka nuna masa wata matacciyar mota irin tasu a bayan wani gida. Mai ita ya ce ya ciri abin da zai cira. Ya ciro sondinta ya gwada: a ruwan sanyi allura ta kwanta, da ruwa ya fara tafasa ta hau a hankali. Ya ɗaura shi, suka kama hanya ba tsayawa.

Daga Takieta da ƙafa ya ƙarasa. Ya tarar da gidansu an jingina ƙaya a ƙofa. Wani tsoho, Nomau, wanda ciwon ƙafa ya hana tafiya, ya ce masa, “Ɗana, sun bi mutane kudu tun kafin salla.”

Bai kwana ba ya bi baya. A Daura ya sami Ramlatu tana yi wa wasu daka. Uwar ta rasu a hanya, aka binne ta a wani ƙauye da Ramlatu ba ta riƙe sunansa ba. Ya dawo da ƙanwar gidansa.

Bai ƙara shiga gareji ba. Ya zuba kayan aikinsa a buhu, yana bin motocin hanyar kudu, yana gyara waɗanda suka lalace a daji, kowane ƙauye ya sauka sai ya tambayi tsofaffin wurin ko nan aka binne uwarsa. Haka ya yi har idonsa ya raunana, Balki ta ɓoye buhun.