Damin Wadda Aka Ɗauke

A gidanmu, a wani ƙauye kusa da Sandamu, idan an gama girbi akan ware dami ɗaya na gero a sa shi can ƙuryar rumbu. Ba a taɓa shi sai shekara ta zagayo, a bayar da shi sadaka, a sa sabo a gurbinsa. Ina yaro na ɗauka kowane gida haka yake yi.

Kakata, wadda ta haifi babana, ita ta gaya mini dalili. Kakarta tana da ƙanwa. Wata rana su biyun suka je ɗebo ganyen kuka, mahaya suka fito musu. Babbar ta faɗa cikin gero ta kwanta, ƙaramar aka ɗauke. Wasu sun ce arewa aka yi da ita, wasu sun ce kudu. Babbar ta rayu har ta tsufa, kuma duk girbi tana ware wa ƙanwarta rabonta, ko za ta dawo, ko ɗanta ya zo yana cigiya. Haka dai aka gaya mini. Ba zan rantse cewa haka aka yi daidai ba.

Shekarar da na gama karatun tarihi a jami'a damina ta yi gardama. Baffana, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar babana, ya ce bana ba za a ware komai ba. Ba na ganin laifinsa, bakunan da yake ciyarwa suna da yawa. Da hantsi ya kira ni gindin rumbu, Kaka na zaune a tabarma tana tsince wake.

"Kai ka yi karatun," in ji shi. "Yarinyar nan an yi ta, ko tatsuniya ce? In ka ce an yi, a ajiye. In ba haka ba a sussuke."

Na ce kamen mutane kam an yi shi a ƙasar nan, amma labarin baka yakan sauya, mai yiwuwa an haɗa labari biyu, mai yiwuwa kuma ba a haɗa ba.

Kaka ta ce, "Ku ji mijin nawa. Shekara huɗu ina jiransa, tsarabar da ya kawo mini ita ce mai yiwuwa. Da na sani da na auri mai goro."

Baffa ya yi dariya, amma bai sake ni ba. "Ka ga sunanta a littafi?"

"Ban gani ba, Baffa. Sai dai waɗanda na karanta, kuma ban karanta duka ba, sarakuna da mayaƙa suke ambata. Ban ci karo da sunan wanda aka ɗaure ba."

Kaka ba ta ɗago kai daga wakenta ba. Ta ce, "Mu ma sunan ya ɓace mana. Uwata ta san shi, ni kuma ban tambaya ba sai da ta tafi. Damin nan ne kaɗai ya rage."

Na dubi ƙuryar rumbun. Na ga cewa in aka sussuke na bana, baɗi ba mai tunawa ya ware, kuma da bakina za a yi.

Na ce, "A ajiye, Baffa. A cire daga rabona."

"Rabonka? Kai da ko fartanya ba ka riƙe ba bana?"

Duk da haka ya miƙe, ya jawo dami mafi ƙanƙanta. Kaka ta ce ba wannan ba. Ya mayar, ya ɗauko na kusa da shi.

Kaka ta rasu bayan damina biyu. Na sha gwada rubuta labarin yarinyar, kullum a gindin kukar nake tsayawa, don ban san inda zan kai ta ba, kuma ina tsoron yi mata ƙarya. Damin dai ni nake ɗaure shi yanzu, ko da yake Baffa ya ce ɗaurina sako-sako ne.