Lambar da Yaya Haruna ya bari a bango

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Ustaz Haruna, kuma babu wadda ta zo mini da sauƙi. Ba wahalar noman hawasha, gonar ban-ruwa, nake nufi ba, wannan na saba da ita. Bangon ɗakinsa nake nufi.

Shi ya yi karatu, ya koyar da hisabi a madarasar ƙauyenmu kusa da garin Suki. Ni aji uku na yi na koma gona. Da ya bar aiki sai ya kama wata lamba, 1,022,117, ya karce ta da ƙusa a bangon waje, ƙarƙashin rumfar da yake zama. Ya ce akwai lambobin da ba sa rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu, adad awwali yake ce musu, kuma ransa ya ba shi wannan tana cikinsu. Hanyar tabbatarwa ita ce ya yi ta raba ta da ƙananan irinsu, biyu, uku, biyar, bakwai, har sama. Wadda ta ƙi shiga, ya karce ta a ƙasa. Na ce, "Yaya, wannan za ta ba mu dawa?" Ya ce, "Kai dai je ka buɗe wa gonarka ruwa, ya zol," yadda ake kiran mutum da Larabcin nan.

Mutane suka ce ya taɓu. Na yi faɗa da mutum biyu a kan haka. Da Yaya ya kai 997 a rabawar, ya ce mini saura gwaji ɗaya. Sai zazzaɓi, kwana huɗu, shi ke nan.

Kowa a nan yana yaɓe gininsa kafin damina. Ni ban taɓa wannan bangon ba, don yaɓe zai rufe rubutun. Ya zaizaye, ya tsage, matata ta ce bana zai faɗo kan wani. Wani lokaci da tsakar rana nakan ji kamar ƙusa tana karta, in leƙa, babu kowa.

Watan jiya 'yarsa Nafisa ta zo daga birnin Madani, inda take aure. Ta danna lambar a wayarta, ta ce, "Baffa, tana rabuwa. 1009 sau 1013." Na ce, "Wane gwaji ne ya rage masa?" Ta ce, "1009 ɗin."

Da yana raye, ban san ko dariya zai yi wa wayar ko jifa da ita ba. Aikinsa na shekara biyu ta gama kafin in haɗiye shayi. Abin da ya fi damuna, kwana huɗun nan da ya yi a tabarma leɓensa na motsi, mun ɗauka zikiri yake yi. Wataƙila ya gama lissafin, ya gani, ya tafi bai faɗa ba.

Bai yi daidai a zatonsa ba, amma ko gwaji ɗaya bai tsallake ba. Wannan na shaida.

Washegarin zuwan Nafisa da safe na kwaɓa ƙasa da kashin shanu, na yaɓe bangon da hannuna, ban kira kowa ba.