Gashin Wutsiyar Shanun Baffa

Lokacin da nake digiri na biyu a Dutse, aikina shi ne kwatanta ƙwayoyin gado na shanu da na mutane. Tarin fuka yana kama mu, yana kama su, amma wata saniyar sai ta zauna cikin garke mai tari ba ta taɓa ko kakari ba. So nake in gano abin da ta gada, in duba ko mu ma muna da irinsa, ko Allah zai sa a dace da magani.

Abin da nake buƙata bai taka kara ya karya ba: gashin wutsiya, a tuge shi da saiwarsa, domin a cikin saiwar ƙwayoyin gadon suke. Malamina ya ce in ban kawo ba kafin zangon karatu ya ƙare, sai dai in canza aiki. Na yi dariya a raina. Ni da Baffana, yayan mahaifina, yake da garke guda a rugarsa ta bayan Taura?

Na je da tsarabar goro, na gaishe shi, na zayyana buƙatata. Ya dube ni sama da ƙasa.

"'Yar nan, gashin wutsiya? A ƙulle a takarda a kai birni? Ba ki san da shi ake yi wa garke asiri ba?"

Na sani sarai, boko ne ya sa na ɗauka ni ba za a yi mini wannan zato ba. Raina ya ɓaci, don ni akwai saurin fushi, har na fara tattara jakata. Sai ya ce in zauna. Akwai saniyar da ya ba ni ranar sunana, ta hayayyafa. Waɗannan nawa ne, in tuge yadda na ga dama. Nasa kuwa a'a.

Na tuge nawa na koma Dutse, amma sun yi kaɗan, ba za su ɗauki aikin ba. Zango yana ta tafiya, ni kuma ina ta ramewa.

Ashe Baffa zuba ido ya yi wa shanuna. Da ya ga damina ta yi nisa ba wadda ta ko yi ɗingishi, ran nan sai aka ce ina da baƙo a ƙofar makaranta. Ga shi da sandarsa da malfa, ya sauko daga Keke Napep, ya miƙo mini ƙulli cikin ƙyalle. Gashin shanunsa ne kaf. Na buɗe na duba. Da reza ya yanke shi tsaf, don kada dabbobinsa su ji zafi, babu saiwa ko ɗaya.

Da ƙyar na ce, "Baffa, sai an tuge."

Ya dubi ƙullin, ya dube ni. Sannan ya ce, "To ni hannuna ba zai iya ba. Ki zo da naki."

Ranar Asabar na shiga tsakiyar garkensa. Shi ya riƙe ƙahon kowacce yana yi mata magana da Fillanci, ni ina tugewa. Da wannan gashi na kammala digirina, kuma ina alfahari da shi. Amma na fi alfahari da abin da na ji ya gaya wa maƙwabcinsa da ya tsaya yana kallonmu baki sake:

"Ka daina zare ido, malam. Magani take nema mana."