Bokitin Baba Lem

Ku yi mini afuwa tun daga farko. Ni mai karanta littattafan wasu ce, ban taɓa rubuta abin da nake son wani ya gani ba sai yau, kuma sau huɗu ina yaga takardar nan. Abin da ya hana ni yaga ta biyar shi ne, in ban faɗa ba, ban ga mai faɗa ba. 'Yan jarida ba su san ƙofar ɗakin kayan wasa ba, su kuma ƙattin da suka san ta, bakinsu ba ya aiki sai a gaban faranti. Sunana Odessa Boatwright, amma maganar ta Lemuel Gaskins ce, wanda kowa a sansanin ƙungiyarmu ta ƙwallon Amurka ke kira Baba Lem.

Shekara talatin da ɗaya ke nan ƙarfe biyar da rabi na safe tana cim masa a ɗakin kaya. Zai ɗora baƙin kofinsa, irin wanda cokali ke iya tsayawa a ciki, ya bi hulunan kwano ɗaya bayan ɗaya yana ɗaure ƙusoshinsu, ya goge ƙwallaye da buroshi har su daina santsi. Wannan shi ne aikin da aka ɗauke shi ya yi. Da ƙarfe shida ta buga kuwa, sai ya cika wani tsohon shuɗin bokiti da ruwa, ya tsoma ƙwallo uku a ciki, ya fita bayan ɗakin ya tsaya a kan ciyawa yana jira. Wannan ba wanda ya sa shi.

Waɗanda yake jira su ne yaran da zaɓe ya tsallake. Kowane watan Afrilu ana kwana uku ana kiran sunayen sababbin 'yan wasa a talabijin, wanda ba a kira ba sai dai a bugo masa waya daga baya a ce ya zo sansani ya cika lissafi. Mutum casa'in ke shiga sansani, hamsin da uku ke saura a ƙarshen Agusta. Irin waɗannan baƙin fuska, Baba Lem ne ke manna musu farin filasta a goshin hula ya rubuta sunansu a kai, don kociyoyi su san wanda suke yi wa tsawa.

Bara yayana Cornelius yana cikinsu. Daga wata ƙaramar jami'a a Arkansas ya fito, ɗan katanga ne, wato cikin ƙattin nan biyar da ke tare gaba don kada a kai ga mai jifan ƙwallo. Mama ta kwana uku tana soya kaji da gasa burodin masara, maƙwabta suka cika mana falo, aka kira suna na ƙarshe ba nasa ba ne. Maƙwabta suka fice sumsum, kowa da ƙunshin kaza. Kawunmu Virgil ya dafa shi ya ce kada ya damu, akwai gurbin ɗaukar buhu a kamfanin abincin kaji, duk ranar da aka koro shi ya zo.

Ranar da ya isa sansani, Baba Lem na cikin rubuta masa suna a hula ya tambaye shi ba tare da ya ɗago ba.

“Boatwright. Me ka iya?”

“Ture mutum, Baba. Ban taɓa gamuwa da wanda ya mayar da ni baya ba.”

“Madalla. Ka ga waɗancan goma sha huɗun? Kowannensu haka uwarsa ta gaya masa. 'Yan katanga tara za a riƙe, biyar a fili, huɗu a benci. Ɗan benci mai sana'a ɗaya shi ke riga kowa ɗaure jaka. Ka taɓa miƙa ƙwallo?”

“Ai aikin ɗan tsakiya ne, Baba. Ni a gefensa nake tsayawa.”

“Gobe ƙarfe shida, bayan ɗakin nan. Kada ka cika ciki, sunkuyo za ka yi.”

Ɗan tsakiya shi ne wanda ke sunkuyawa ya miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa ga mai jifa da ke bayansa. Da hannunsa kowane hari ke farawa, in ƙwallon ta suɓuce a nan, sauran goman sun yi aikin banza. Mai jifa kuwa ɗan gata ne, ba zai tashi da sassafe don wani yaro mai filasta a goshi ba. Shi ya sa Baba Lem ke tsayawa a madadinsa, ya zura hannuwansa, ƙato mai nauyin mutum biyu ya buga masa ƙwallo a ciki sau ɗari kafin karin kumallo. Ku dubi yatsunsa in kun samu dama. Guda goma ne, amma kowanne ya kama gabansa.

Miƙawar Cornelius ta farko a kan babban yatsa ta sauka. Baba Lem ya yarfe hannu, ya ciro wata daga bokiti ya ajiye masa a ƙasa. Cornelius ya ɗauka ya goge ta da rigarsa, shi a ganinsa ya yi dabara. Tsohon ya karɓe ta ya mayar cikin ruwan.

“Wa zai ba ka lokacin shafe-shafe a fili? Ruwan sama bai san daga Arkansas ka zo ba. Sunkuya.”

Ana haka Mosese ya zo wucewa da kofinsa. Shi ne ɗan tsakiyar ƙungiyar na dindindin, shekara tara yana riƙe da gurbin.

“Baba, ka samu sabon mai karya maka yatsu ke nan?”

“Wannan ɗan ƙaramin yatsan da ya karkace aikinka ne, Mosese, kada ka manta.”

“Ƙane,” in ji Mosese, yana duban Cornelius, “ka roƙe shi hodar jarirai ka zuba a wando. Gumin da ke zuba daga gare ka ya fi bokitin nan jiƙa ƙwallo. Mai jifa zai kai ƙararka.”

Sai daga baya Cornelius ya ji cewa shi ma Mosese da filasta a goshi ya shigo, kuma a kan wannan ciyawar ya koya.

Yara shida Baba Lem ya gayyata a shekarar. Uku suka zo, kafin sati biyu saura yayana kaɗai. Yakan bugo mini waya yana mita, wai bayansa zai ɓalle, wai tsohon nan ko yabo ɗaya bai iya ba, iyakarsa ya ce “sake.” Na ce masa buhunan Kawu Virgil ma sunkuyo ake yi musu. Ya kashe wayar.

Wasan gwaji na ƙarshe ranar Asabar da rana aka yi, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ni da Mama muna can sama cikin 'yan kallo, mun lulluɓa da leda ɗaya. An hutar da Mosese da sauran manya. Kafin a tafi hutun rabin lokaci mataimakin Mosese ya gurɗe a ƙafa, aka fita da shi. Koci Haverkamp, mai kula da 'yan katanga, ya juyo ya dubi benci, ruwa na zuba daga hularsa.

“A cikinku wa ya taɓa miƙa ƙwallo?”

Waɗanda ke wurin sun ce Baba Lem yana gefe da tawul a kafaɗa, tari kawai ya yi. Cornelius ya miƙe. Sau talatin da huɗu ya miƙa jiƙaƙƙiyar ƙwallo a ranar, ina ƙirgawa a bayan tikitina, ko ɗaya ba ta faɗi ba. Masu sharhi ba su ambaci sunansa ba har aka tashi. Mama ta ji haushi, sai da aka fahimtar da ita cewa ɗan tsakiya ba a kiran sunansa sai ya yi ɓarna.

Talata ce ranar rage mutane. Tun safe wani ma'aikaci ke zagawa yana cewa wane, koci na nemanka, taho da littafin dabarunka. Wanda aka kira, Baba Lem ke zuwa ya kwashe kayansa. Cornelius ya zauna gaban akwatin kayansa tun safe, ko ruwa bai sha ba, gurabe suna ta zama wayam hagu da dama. Wajen ƙarfe huɗu sai ga Baba Lem ya nufo shi, ya miƙa hannu ya ɗauki hularsa.

Yayana ya ɗago ya dube shi. “Shi ke nan, Baba? To, na gode da komai.”

Tsohon ya sa farce ya ɓanɓare filastar, ya mayar masa da hular.

“Yanzu sun san sunanka. Tashi ka ci abinci, kana tare mini hanya.”

Cornelius ya ce shi bai yi kuka ba. Mosese ya ce sai da aka kawo abin goge ƙasa.

Filastar nan ba a shara ta tafi ba. A bayan ƙofar kabad ɗin Baba Lem ta samu wuri, ita ce ta arba'in da uku. Ɗaya ƙofar kuma ta fi cika, domin a can yake manna na waɗanda aka sallama. Madam Delphine ta ɗakin girki ta ce ta sha ganin ya kai irin waɗannan yara tasha da motarsa, ya dawo ya hau waya yana kiran masu kula da kayan wasu ƙungiyoyi: akwai wani yaro nan, ya iya miƙa ƙwallo ko cikin ruwa, ku gaya wa kocinku. Wasu sun samu gurbi ta haka. Wani yanzu koci ne a makarantar sakandare, kuma an ce shi ma ya sayi bokiti.

Baba Lem, kai ne tushen katanga, wanda ke cikin ƙasa ba ya fitowa a hoto. Kai ne ka ga abin da masu zaɓe da duk takardunsu ba su gani ba, ka biya da yatsunka. Ba ka taɓa yi wa yaro alkawarin zai tsaya ba, sana'a ta biyu kawai ka ba shi ka ce ya sake. Mama ta ce in gaya maka ta gode, kuma kajin da suka rage daga yau naka ne. Kawu Virgil ya ba wani gurbin buhun. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar cin hutun ritayarka. Mu kuma da muka saura, kowa yana da wani mai filasta a goshi a wurin aikinsa. Ba sai ka zama koci ba, ka riga shi tashi kawai ka jira shi a bayan ɗaki.

Wannan ƙarshen a kusurwar ɗakin cin abinci nake rubuta shi, ana tsakiyar walimar sallamarsa. An ci gasasshen haƙarƙari har an gaji. Yanzun nan aka ba shi hular kamun kifi, Mosese ya yago farin filasta ya manna a goshinta, ya rubuta GASKINS.

“Kifaye ba su san ka ba, Baba. A can sabon shiga ne kai.”

Ɗakin ya ɗauki dariya. Baba Lem ya sa hular, ya jawo shuɗin bokitin daga ƙarƙashin teburi ya tura gaban yayana.

“Ƙarfe shida, Boatwright. Bana kai za ka tsaya a baya. Yatsun nan naka sun cika kyau.”

Cornelius ya rungumi bokitin, sannan ya ajiye shi a kan kujera ya fara waige-waige. Ni yake nema, domin ya yi wa kowa alkawarin ƙanwarsa za ta tashi ta karanta wani abu. Ƙatti takwas ne tsakanina da shi, kuma tare hanya sana'arsu ce. Bokitin a bushe yake yau, takarda ba za ta jiƙe ba. Zan ninke ta in jefa a ciki in na zo wucewa, ƙofar ɗakin girki kuma a buɗe take, ta nan zan sulale.