Ranar da Aka Kwance Buhunan Wake a Bungudu

Har gobe ban manta da ranar da muka kwance buhunan wake a Bungudu ba. Ku da kuka zo daga baya kun tarar ana koyar da ma'aikata duk shekara, kuna zaton haka abin yake tun asali. To, ranar nan saura ƙiris a rufe ajin.

Ni ne mai kula da siton Alhaji Mamman da ke Tsafe. Alhaji dillalin hatsi ne a Gusau, yana da wani siton a Bungudu, wanda taubashina Bala ke kula da shi. Aikinmu mu sayi wake da kaka, mu ajiye, a fitar da shi gab da azumi lokacin da masu ƙosai da alala ke nemansa. Abokin gābarmu ƙwaro ne. Kana kwance buhu ka ga rabi ya huje, gari na zuba.

A shekarar ne Alhaji ya ɗauko Malama Rabi, malamar gona, ta koya mana ajiya. A shanya wake har sai ya yi ƙaras a haƙori. A zuba shi a buhu mai leda biyu a ciki, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora bisa katako nesa da bango. Da ta ga yawancinmu ba ma iya karanta rubutun jikin buhu, sai ta haɗa mana da ajin yaƙi da jahilci. Can na fara riƙe fensir da furfura a gemuna, kuma da shi nake rubuta muku wannan.

Alhaji bai yarda da abin da idonsa bai gani ba. Ya ce wa Malama, "Kin kwashe mini ma'aikata rabin yini suna zaune a tabarma. Mi zan gani a ƙasa?"

Ta ce a gwada. Mu na Tsafe a koya mana, na Bungudu a bar su yadda suka saba. Buhu iri ɗaya, wake daga kasuwa ɗaya. In lokacin fitarwa ya yi a kwance a duba. Alhaji ya ce ya amince, amma in babu bambanci ya rufe aji, da na ajiya da na karatun duka.

Ranar ta zo, aka fara da Tsafe da safe. Na kwance buhun farko. Wake ya zubo fari tas, ko huji babu. Na biyu haka, na can ƙarshen sito haka. 'Yan dako suka kaure da shewa, ni kuwa bakina ya ƙi rufuwa. Muka ɗunguma cikin mota sai Bungudu, ina ta tanadin tsiyar da zan yi wa Bala.

Muna isa na ce, "Taubashi, kawo tsintsiya kusa, yau za ka share gari."

Ya ce, "Ɗalibi, ka dai iya rubuta sunanka tukuna."

Ya kwance buhu. Wake fari tas. Ya kwance wani, haka nan. Alhaji ya damƙi wake ya murza, ya juya ga Malama ya ce, "To ga shi. Wanda aka koya wa da wanda ba a koya wa ba duk ɗaya. Ashe buhun ne mai kyau."

Malama ta durƙusa tana duba bakin buhun da ba a kwance ba, sannan ta ɗago. "Malam Bala, wa ya yi wannan ɗaurin?"

"Mutanen Tsafe mana. Kaya sun yi mana yawa da kaka, muka kira gayya kamar kullum. Suka ce wakenmu bai bushe ba, suka sake shanya shi, suka nemo katako. Yarana suka gani suka ɗauka. Mi zan ce musu? Ku ɗaure da mugunta, ana gwaji?"

Wurin ya fashe da dariya, har Malama. Ta ce ita ta manta ba a raba ma'aikatan gida ɗaya da kaka. Ni kaina sai a lokacin na tuna yarana sun je gayyar. Amma Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce labari ne wannan, shi abin gani ya nema.

Muna cikin haka sai ga a-kori-kura ta tsaya. Malam Audu ne, mai kiwon raguna, wanda ke kwashe hujajjen wakenmu duk ranar fitarwa. Ya shigo ko sallamar kirki babu.

"Alhaji, wane laifi na yi maka? Na je Tsafe an ce babu, na zo nan ban ga ko tsibi ɗaya ba. Wa ka ba?"

Malama ta ce, "Bara nawa ka samu, Baba?"

"Motar nan sai da ta yi sawu ta koma! Kuma bara ma buhu mai ledar nan ne, da hannuna na zazzage su."

Alhaji ya tsaya yana kallon motar, bayanta wayam. Sannan ya ce, "Malama, wanga aji naku, a saka na Bungudu. Har da Bala, a ba shi fensir."

Na daka tsalle kamar yaro, hulata ta faɗi. Bala ya ce shi ba zai zauna bayana a tabarma ba. Ya zauna kuwa.

Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, in an koya wa mutum aiki, kada a tsaya tambayarsa ko ya gane, a je a duba asarar da aka saba yi, ko tana nan ko ta tafi. Kuma duk mai son auna mutanenmu ya sani ba sa iya ganin ɗan'uwa na ɗaure buhu ba daidai ba su wuce.